Saiwar da Na Haƙo wa Mutari

Zuwa ga Yaya Zakariya'u, a Ɗan Gulbi.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar Inna? Allah ya sa damina ta yi albarka.

Yaya, ƙanenmu Mutari ya rasu a hanyar Gwanja. 'Yan fashi suka tare ayarinmu a mashigin wani rafi cikin kurmi, suka sare mutum huɗu, kibiya ta shige cinyar Mutari. Da wuƙa muka tsaga muka cire ta, yana cizon igiyar jaki.

Wani tsoho ɗan ƙasar, mai nuna mana hanya, ya ce a jiƙa mashi saiwar tsa, ɗan itacen nan mai fararen 'ya'ya ƙanana da ke fitowa wurin danshi. Ya so ya raka ni, na ƙi, don ina ganin na san tsa tun a fadamar Tarka. Na haƙo, muka ba shi. Kafin azahar ya yi aman jini ya cika.

Madugu Alhusaini ya ce tsohon ɗan leƙen 'yan fashi ne. Aka ɗaure shi a kututture, aka yi ta dukansa da sanduna har haƙarƙarinsa ya karye, ya daina motsi. Ni na riƙe igiyar. Ko sunansa ban tambaya ba.

Da za mu tashi, matar tsohon ta zo da rassa biyu, ba ta kuka. Ta karya na fari: jaja-jaja ne, busasshe a ciki. Shi ne tsa. Ta karya na biyu, farin ruwa kamar nono ya tsatso. Na duba hannuna, ga ƙanzon ruwan nan har ƙarƙashin farcena.

Na gaya wa madugu, ya ce in rufe bakina. Ya yi zalunci, amma shi zato ya yi. Ni ne na ce na sani.

Ayari ya wuce, ni na tsaya. Tsohuwar ba ta da mai yi mata noma. Ba ta yafe mini ba, ban kuma roƙa ba.

Ga rassan biyu cikin layar fata. Nuna wa kowa a gida: a karya kafin a haƙa. Ka faɗa wa Inna gaskiya, kada ta tsine wa tsohon.

A gaishe da Dela matar Mutari, ta yi takaba da haƙuri.

Ƙanenka,
Arzika