Sunan da Inna Ba Ta Kira

Batsari,
farkon damina.

Zuwa ga Dakta Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aikin jami'a, ya maigida da yara? Mu nan alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba.

Mardiya ce ta asibiti, wadda ta yi ta yawo da ke shekara biyu da suka wuce, lokacin da kika zo bincike kan matan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka. Na san ba ki manta ni ba, don ba kullum ake yi miki rashin kunya irin tawa ba. Kin tuna Innata? Duk tambayar da ke takardarki, lafiya lau take amsawa. Na ce miki ai Inna ta fi kowa haƙuri, an kashe yayanmu Armaya'u a gona, ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, kowa na yabonta. Kika tambaya ko shi ne ɗan farinta, na ce eh. Kika ce to yaushe za ta yi kukan, matar da tun haihuwarsa kunya ta hana ta kiran sunansa? Wallahi raina ya ɓaci. Na ce 'yar boko ta zo koya mana al'adarmu.

Yau ni ce da neman gafara. Inna na ƙarewa a gabana. Ba ta cin abinci sai an matsa, ta rame, zani ma ba ya zama a ƙugunta. Duk gwajin da muke iyawa na yi mata, ba a ga komi ba. Kullum in ta kwashe tuwo sai ta ware malmala ɗaya ta rufe da faifai. Ba ta faɗin ta wane ce, mu ma ba mu tambaya. Ina tsoron kada mu rasa ta kafin kaka.

Na ji an buga bincikenki, har an fara aiki da shi a Safana. Don Allah ki faɗa mini abin da zan yi.

Taki,
Mardiya Sammani

Batsari,
bayan kaka.

Zuwa ga Dakta Ikilima,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kowa lafiya. Amsarki ta iso, kuma ban ga kin rama rashin kunyata ba. Na gode.

Na bi shawararki. Na ce wa Inna ana neman masu ɓare gyaɗa a Safana, muka hau mota muka tarar da ɗalibarki Malama Asama'u. Ba kujera, ba takarda. Tabarma ce da buhun gyaɗa, da mata bakwai, kowacce ta rasa ɗan fari. Hannu na aiki, ba mai kallon idon wata. Doka ɗaya ce, ba mai ce wa wata ta yi haƙuri.

Sati uku muna zuwa, Inna ba ta ce uffan ba, har na fara zaginki a zuci, ki yafe. A na huɗu wata tsohuwa daga Karare tana ba da labarin nata ɗan, sai Inna ta ajiye ɓawon da ke hannunta, ta ce shi ma yana son soyayyiyar gyaɗa. Tsohuwar ta tambaye ta wa take nufi. Inna ta ce Armaya'u.

Dakta, shekarata talatin da biyar, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta yi kuka har la'asar, ba wanda ya hana ta. Ranar ta ci abinci ba tare da an roƙe ta ba.

Asama'u ta ce yanzu ana koyar da takardarki a makarantun aikin lafiya, masana har na ƙasashen waje suna kafa hujja da ita. Ni ban san darajar wannan a jami'a ba. Abin da na sani, zanin Inna ya fara zama.

Jiya ta kwashe tuwo, ta ware malmalar nan kamar kullum. Sai ta miƙo mini, ta ce in kai wa maƙwabta sadaka, Allah ya kai ladan kabarin Armaya'u. Da bakinta ta faɗa, yara na tsaye suna ji.

Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan mahaifanki. Inna na gaishe ki, ta ce in kin zo akwai gyaɗarki.

Taki har kullum,
Mardiya Sammani