Kabewar da Ta Haura Katanga

Yaya Paw Wah,

Ina gaishe ki daga Minnesota. Ya jikin Mama? Tana cin abinci kuwa?

Kada ki tayar da hankalinki. Gaskiya ne gwamnati ta rufe ofisoshinta, ba a saka komai a katin tallafin abincin da take ba mu ba wannan watan. An ce dokar ma ta sauya, wataƙila a cire mu 'yan gudun hijira. Amma muna ci. Ni dai na bar cin abincin rana, ba na jin yunwa sosai.

Da bazara na sayi irin kabewa da katin, na shuka a bayan gida. Ɗana Eh Doh har da dariya: "Mama, mutane na sayen kaza, ke kina sayen aiki." Jiya kwano biyu na kabewar ya cinye, bai ɗago kai ba.

Maƙwabciyarmu Darlene, tsohuwar da ta yi ta mitar kabewar ta haura katangarta, ita ma katinta wayam. Na kai mata kabewa uku. Ta ce, "Baɗi ki bar ta ta hauro."

Ki gaya wa Mama, noman da ta koya mana muna gunaguni ne ke ciyar da jikanta. Allah ya ba ta lafiya.

Ƙanwarki,
Mu Lay