Bitamin ɗin Yaya Hajara

Zuwa ga ƙanena Malam Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya ruwan Fatakwal? Da fatan Hajiya Rabi da yara suna lafiya. Mu nan Kwarbai sai godiya.

Yayarmu Hajara ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Ciwon ƙafar nan ne ya shiga jininta, jinin ya faɗi ƙasa, har ta daina gane mutane. Ana ta ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta, sai 'yar wajena, likitar nan taka, ta gaya wa babban likitansu na asibitin cewa gwaggonta ta yi makonni daga shayi sai shayi, ko za a ƙara mata tayamin. Na tambaya, aka ce bitamin ne. Ni da bokona ya tsaya a aji huɗu na ce, "Mutum na bakin mutuwa, bitamin za ku ba shi? Ai ko kemis ɗin Ƙofar Kuyambana yana da shi!" Babban likitan ya yi dariya ya ce, "Baba, yarinyarka ta san aikinta." Aka ƙara.

'Yar tawa ta ce kada in baza, wai taimako ne kawai, sauran magungunan suka yi babban aikin. Ni kuwa tuni masallacinmu ya ji.

To, 'yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, balle in yabe ta ido da ido. Don Allah ka buga mata waya ka sa mata albarka, amma kada ka ce ni na aiko ka.

A ci gaba da yi wa Yaya addu'a. Ka gaida mutanen gida.

Yayanka,
Garba