Ku Dakata da Farin Yadin, Kawu

Pitowa

Zuwa ga Kawu Roger,

Gaisuwa da ladabi, tare da roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, ku da Goggo Marthe da yara a Meiganga. Mu nan kalau muke. An gama cirar auduga, ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma waƙa a zumuntar mata, ɗan'uwana Maxime kuma ya fara bin motar Garwa yana koyon tuƙi.

Kawu, kun ce za ku aiko mini da farin yadi a ɗinka mini rigar shiga seminer, makarantar horar da firistoci. Don Allah ku dakata. Da kunya nake rubuta wannan, shi ya sa ban kira ku a waya ba.

Tun da na faɗa cewa ina jin Allah yana kirana in zama firist, mutanen cocinmu suka fara ce mini ƙaramin Abe, wato ƙaramin firist, ni kuwa ina jin daɗi. Da na je wurin limaminmu, Abe Étienne, don ya rubuta mini takardar shaida, sai ya ce ba a fara da takarda. Ya ce in fara samun uban ruhaniya, wato firist da zan riƙa buɗe masa zuciyata yana taya ni rarrabe muryar Allah da tawa, kuma in jira shekara guda. Ya ce shi da kansa zai iya riƙe ni. Raina ya ɓaci. Na tafi Garwa wurin wani firist, shi ma ya ce babu gaggawa. Sai na ji labarin wani tsohon firist, Per Léon, da ke zaune kusa da Lagdo cikin masunta, aka ce yana da sauƙin hali. Na ce wannan ne zai ce mini e.

Na same shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ya tambaye ni yadda nake addu'a idan babu mai ganina, sai na kauce na shiga zancen limaminmu. Kawu, na ce Abe Étienne ba ya fahimtar matasa, na ce yana toshe mini hanya, har na ce ko kishi ne don mutane suna sona. Tsohon yana ta saurare, bai gyaɗa kai ba, bai kuma tsawata mini ba.

Ban rufe baki ba muka ji ƙarar babur. Abe Étienne ne. Ashe Per Léon shi ne uban ruhaniyarsa, wurinsa yake zuwa kowane wata tun yana seminer. Da ya gan ni fuskarsa ta cika da murna, ya ce ya gode wa Allah da na kawo kaina hannu mai kyau. Per Léon bai gaya masa abin da na faɗa ba. Ya sa aka kawo tuwon shinkafa da gasasshen kifi, ya ce in sa albarka. Na sa albarka cikin kunya, muka ci.

Da za mu tashi, Abe Étienne ya ce ba zai bar ni in jira mota ba, in hau bayansa. Haka na riƙe rigar mutumin da na gama ɓata wa suna, duk ramin da ya kauce wa yana tambayata ko na zauna daidai. Kafin mu kai kwalta na kasa jurewa, na roƙe shi ya tsaya, na gaya masa komai a bakin hanya. Na ga abin ya taɓa shi. Daga baya ya ce maganar kishin ta yi masa zafi, amma ya yafe. Ya ce shi ma tsohon nan ya sa shi jira, kuma ya yi fushi kamar ni. Ya ce in zaɓi wanda nake so cikinsu, sai dai in daina yawon neman wanda zai faɗa mini abin da kunnena ke so.

Abe Étienne na zaɓa, Kawu. Mun fara zama. Abu na farko da ya ɗora mini shi ne in hana mutane kirana ƙaramin Abe, kuma in gaya wa Inna cewa maganar ba ta tabbata ba tukuna. Na farkon na yi, wasu sun yi dariya, wasu sun ce na sare. Na biyun ne ya yi mini nauyi, don ta riga ta gaya wa dukan zumuntar mata, har suna shirya waƙa. Ranar Lahadi zan gaya mata da bakina. Ina roƙonku ku kira ta bayan haka, ƙanwarku ce, tana jin maganarku.

Ban sani ba ko Allah ne yake kirana, ko ni ne nake kiran kaina. Ku sa ni a addu'a in ji gaskiya, ko da ba wadda nake so ba ce.

Ku gaida Goggo Marthe, da Brice da Jeanne, da maƙwabcinku Malam Nasrullahi. Inna da Maxime suna gaisuwa.

Ɗanku,
Ulrich