Wa Zai Tsaya a Bayan Tirela

Zuwa ga aminina Birki,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da 'ya'ya da jikoki. Yaya ƙafar? An ce mini yanzu sai da sanda. To kai dama tun ƙafar na lafiya ba sauri ka iya ba, ban ga abin da ka rasa ba.

Rabona da in sa a rubuta maka takarda tun shekarar da ruwa ya tafi da babbar gada, lokacin da muka yi layi a bakin kogi, mota bayan mota har inda ido ya gaza, muna dafa shayi a ƙarƙashin bodi, kaya suna lalacewa a kanmu. A wannan zaman aka kawo mini albishir an haifa mini jika, an sa masa sunana. Kai ka fara yi mini barka, kana yi kana shanye mini shayi. To takwaran nan nawa shi ne dalilin wannan takarda. Matarsa ce ke rubutawa ina faɗa, don ka san ni da biro har yau ba ma shiri.

Masaƙar da yake aiki ta rufe. Wani kamfanin jigila ya ce zai ɗauke shi in ya kawo lasisin tirela kafin sababbin motocinsu su iso, ga matarsa da tsohon ciki. Yanzu kuma wai ba a ba da lasisin sai da shaidar makaranta. Makaranta, Birki! Tirela a kan allo! Yaron ya zo ya durƙusa ya ce in zaɓa masa, duk wadda na nuna ita zai shiga.

Ka tuna yadda Maigida ya koya mana? Sai da muka gaji da wanke mota da ɗaure tamfal kafin ya bari muka taɓa sitiyari. Ranar gwajin ribas kuwa, sai ya tafi can bayan gareji ya jingina da katanga, ya harɗe hannuwa, ya ce a kawo masa gindin tirela har ya taɓa ta da yatsa. Ba ya ɗaga hannu, ba ya magana. Ka ga mutumin da ya ciyar da kai tsaye tsakanin ƙarfe da bango, ai dole idonka ya buɗe. Ni ranar na samo sunan Ribas. Kai kuwa ka tsaya can nesa da shi ka ƙi matsowa, kana ta taka birki mota na huci, har ya gaji ya tako da ƙafarsa ya same ka.

Da wannan na auna makarantun. Tambaya ɗaya nake yi wa malami: zai tsaya a bayan mota ɗalibinsa yana ribas?

Ta farko a saman bene take. Ɗaki mai sanyi, kujeru a jere, da wani akwati mai sitiyari da talabijin a gabansa, wai shi ne motar. Na tambayi yaron da ke wurin ta ina tirela ta hawo benen nan. Ya yi dariya, ya ce motar gaske tana wani fili, ana zuwa jefi-jefi. Ban ma ɓata tambayata ba.

Ta biyu tana bayan ma'ajiyar siminti. Fili ne babba a share, an ja layin fenti ruwan ɗorawa ya kewaye shi, motoci biyu masu lafiya, na ji ƙarar injinsu. Amma mai koyarwar mace ce, Birki, da usur a wuya. An ce ta daɗe tana jan tankar mai. Na tsallaka layin don in duba taya, sai ta busa mini usur kamar ta ga akuya a gona, mota ta tsaya cak. Ta ce Baba a koma bayan layi. Na koma, na yi mata tambayata. Ta ce ko mahaifinta ne ya tsaya a bayan mota mai tafiya sai ta kore shi daga filin, kuma abin da take fara koyarwa shi ne in mutum ya ɓace maka a madubi ka tsaya, in kana shakka ka sauko ka duba. Na ce mu a zamaninmu direban da ke saukowa ya leƙa dariya ake masa. Ta ce to a nan a yi ta dariya. Na kaɗe rigata na fita.

Ta uku wani mai haƙorin gwal ne ke da ita, kusa da 'yan gwangwan. Motarsa tsohuwa, irin tamu, har warin kujerar iri ɗaya ne. Ya kira ni uban direbobi, ya sa aka kawo mini kujera. Da na tambaye shi, ya bugi ƙirji ya ce ai a filinsa kullum da mutum a bayan mota. Na ba shi hannu a take. Takwara, da ya rako ni, ya sunkuyar da kai.

Ka gaida duk wanda ya tambaye ni.

Naka har kullum,
Ribas

Zuwa ga Birki,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan jiki ya yi sauƙi, iyali kuma kowa lafiya. Mu nan sai godiya.

Takardarka ta iso, an karanta mini, na sa an maimaita. Ashe bakinka bai tsufa ba. Ka ce ni ne mai riƙe tarihi, na san lambar kowace mota da muka ja da sunan kowane mai shayi a kan hanya, amma na manta dalilin ɗingishin Maigida. Ban manta ba. Shi da bakinsa ya ce mana daga saman kaya ya faɗo. Kai kuma ka ce tsohon makanikensa ya faɗa maka wani yaron mota ne ya matse shi da katanga kafin zuwanmu. To ko da haka ne, ai bai daina tsayawa ba. Wannan ba ya nuna maka irin namijin da ya rene mu?

Ka kuma ce kai ranar gwajinka ba tsoro ne ya hana ka matsowa ba, ba ka ganinsa ne a madubi. Shekaru nawa muna maka dariya a tasha, sai yanzu za ka kawo hujja?

Gidan dai ba daɗi. Takwara ya fara zuwa wurin Mai Haƙori. Yana dawowa ya gaishe ni ya wuce ɗaki. Da can yakan zauna a bakin tabarmata ya ce in ba shi labarin hawan dutsen nan da muke sa wa tayoyin mota waigi a kowace kwana don kada ta zame baya, yanzu ko tambaya babu. Uwarsa ta daina haɗa ido da ni. Ita kuma wannan mai rubutun, da nake kira amaryata tana ce mini tsohon ango mai rowa, yau ko murmushi ban samu ba. Ta ce mijinta wurin Mai Usur yake so, kunyata ce ta hana shi faɗa. Ta ce in ban yarda a sa wannan a takarda ba, in nemi wani marubucin. To ga shi an sa.

Ni dai na ba da hannu. Ka taɓa jin na ba da hannu na janye?

Wani lokaci in na zauna a ƙofar gida manyan motoci suna wucewa ta babban titi, daga sauyin giya nake gane wanda aka koya wa da wanda ya koya wa kansa. So nake in yaron nan ya wuce, in ji hannun Maigida a ciki. Iyakar abin ke nan.

A gaida mai ɗaki.

Amininka,
Ribas

Zuwa ga ɗan'uwana Birki,

Sallama. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta iyali. Kada ka ga takarda ta biyo takarda ka tsorata, kowa lafiya, Allah ya tsare.

Yau da hantsi na ce bari in je in ga yadda ake koya wa yaron ribas. Ban gaya wa kowa ba. Na shiga filin ta ƙaramar ƙofa. Mai Haƙori yana zaune a inuwa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana waya. Wani sabon ɗalibi yana kan sitiyari, wuyansa duk a waje. Na duba bayan mota. Da mutum kuwa, kamar yadda ya yi alkawari. Takwara ne, Birki. Bayansa a jikin katanga, yana yi wa direban alama da hannu, ta gefen da madubin ma a fashe yake. Ashe haka ake yi a can, ɗalibai ke tsaya wa juna, kowa da layinsa.

Na sha ganin gindin tirela yana tafiya wajen mutum, amma daga kan kujera, ta madubi, yana ɗan ƙarami. Ban taɓa tsayawa a ƙasa na ga yadda yake cin fili ba. Sabon ɗalibin ya rikice, ya saki kuloci da ƙarfi, mota ta zabura. Ban san ina da sauran murya irin wannan ba. Ban san kuma yaushe na yar da sandata ba. Na dai ga kaina ina dukan ƙofar mota da tafin hannu har ta tsaya. Takwara ya fito ta gefe, kafaɗar rigarsa duk farin katanga.

Mai Haƙori ya taso yana dariya, wai uban direbobi ai irin koyarwarku ce. Na ce masa Maigida bai taɓa tsayar da ɗan wani ba, nasa ƙashin yake kaiwa. Sauran abin da na faɗa masa amaryata ta ce ba za ta rubuta ba.

Muka kamo hanyar gida. Takwara ya riƙe mini hannu wajen tsallaka titi. Sai nake ta tuna Maigida a jikin katangar nan. Mu muna ganin jarumta. Ban taɓa tambayar kaina me matarsa take ji ba duk ranar da aka ce yau akwai gwaji. Allah ya jiƙansa, mutumin nan ya ba mu abin da yake da shi, har da ƙafarsa. Amma ba na jin zai so a gaji wannan ɗin.

Kai kuma, tun da ba ka ganinsa ka tsaya, to ka yi daidai. Na faɗa sau ɗaya, kada ka sa ran ƙari.

Sababbin motocin kamfanin sun kusa, an ce ajin Mai Usur kuma ya cika. Takwara ya ce shi zai je ya roƙa. Na ce a'a, ba shi ya kaɗe mata riga ba. Gobe da sassafe zan sa ya raka ni filin. Zan tsaya inda aka ce a tsaya har ta gama da ɗalibanta, komai daɗewa, sannan in gaishe ta in ce Malama ga jikana, ki koya masa yadda kika iya. In ta ce babu wuri, a nan zan zauna. Ka san ni da naci.

Ka sa mu a addu'a, da ita mai cikin.

Naka,
Ribas