Benen Shisha da Gwiwar Hajiya

Daren Laraba, unguwar Shisha

Barci ya ƙi zuwa. Yau ma ɗana Habibu ya zo da zancen gidan da ya samo mana a unguwar Zahir, a ƙasa, babu hawan bene. Na ce ba inda za ni. Daga saman gidan nan nake kallon ƙwallon yaran kulliya, kwalejin da ke kusa da mu, tun gashina yana baƙi. A Zahir me zan kalla, bango?

Ya ce, "Abuya, khalas, ya isa haka, a waya ma ana gani." Don ban yi boko ba yake mai da ni yaro.

 Bayan isha na hau sama da fushina, sai na ji matata Hajiya tana biyo ni da kwanon tuwo. Ta tsaya a tsakiyar bene tana nishi, ta daɗe. Na ce, "Gwiwar ce?" Ta ce, "Karɓi, Malam, kar ya huce."

In ta faɗi a benen nan, me zan gaya wa Allah? Ga shi jibi yaranmu ke wasan ƙarshe. Tuwon yana nan a rufe, na kasa ci.