Saura Feji Ɗaya a Labarin Dogo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan ƙalau. Gwiwar Umma ta yi sauƙi, har shanya take fita yi, idon ne dai sai a hankali. Kar ki yi dariyar rubutuna, na san kamar kaza ta bi ta kan takarda. Ni da ko sannu zan ce sai na tura murya, yau ga ni da biro. Wayar ƙaninki Dogo ce ta fashe, da tawa yake amfani, komai na rubuta zai gani. Da wayar matar mai kemis zan ɗauki hoton takardar in turo miki.

Maganar Dogon ce ma. Kin san in ya taso daga shagon ɗinki yana rubuta labari, ni kuma in saka a guruf ɗinmu na masu karatu, feji ɗaya duk sati. To wannan sabon, daga ƙarshe ya fara shi. Feji na farko, an kira wata uwa da baƙuwar lamba an ce jirgin ruwan da ɗanta ya shiga don ƙetare teku zuwa ƙasar waje ya kife. Feji na biyu yana cikin jirgin da ransa. Na uku yana hanya. Na huɗu safiyar da ya bar gida, ya ce zai je sarin yadi. Haka labarin yake ta ja da baya, yanzu muna na takwas. Yaya, guruf ya haukace! Wata malamar makaranta ta ce wai da ya fara daga farko, ba wanda zai kula da shayin da saurayin yake sha, amma tunda mun san inda zai ƙare, ko takalmi ya saka sai gabanki ya faɗi. Gaskiya ta faɗa, ni kaina na yi kuka a wajen shayin. Har na rubuta masa a guruf wai kar ya kuskura ya raya shi, mutuwar ta fi daɗi. Allah ya yafe min wannan bakin.

A feji na takwas saurayin ya sayar da kekensa na ɗinki, ya ce wa mutanen gida ya kai gyara. Da na karanta dariya na yi, na ce Dogo ya rasa abin rubutawa sai kekensa, don nasa ma sati uku ke nan yana wajen mai gyara. Ban kawo komai a raina ba. Sai ranar Asabar ya kwashe tattabarunsa kaf ya ba maƙwabcinmu direba, wai suna ɓata wa Umma shanya. Ina tsaye da tsintsiya sai na tuna wannan feji na bakwai ne, kuma ya rubuta shi tun kafin ya yi. Shekaranjiya ya gyara ƙofar ɗakin Umma, wadda shekara biyu muna masa magana. Feji na shida ke nan. Umma sai albarka take sa masa. Kin gane? Labarin yana tafiya baya, shi kuma yana bin sa gaba, feji bayan feji. Na bi ta wajen mai gyaran, ya ce shi rabonsa da keken Dogo tun bara.

Na tare shi a soro na tambaye shi, cikin wasa, me ya sa ya fara da mutuwa. Ya ce wai mutum in ya riga ya ga mafi munin abu a rubuce, tsoro ya ƙare masa. Na ce to saurayin waye. Ya dungure min kai ya ce in rage kallon waya, ta fara cinye min ƙwaƙwalwa. Amma bai kalli idona ba, Yaya, kuma kin san Dogo in zai yi ƙarya bango yake kallo.

Na so in ce zargi ne kawai. To a feji na biyar saurayin ya zura wa uwarsa zare a allurai da yawa ya soke su jikin labule, saboda ba ta gani, kar ta nemi mai zura mata. Yau da safe na shiga shara ɗakin Umma, na ɗaga labule, allura goma sha biyu a jere, baƙin zare da fari. Umma murna take, wai ɗanta ya fi mu tausayi. Kuma ya ce mata ranar Alhamis zai je sarin yadi. Na ce zan raka shi, ya ce motar ba wuri.

Ban faɗa wa Umma ba, kin san hawan jininta. Kawu kuma in ya ji, da faɗa zai zo, Dogo ya tafi tun kafin ranar. Ke kaɗai yake jin nauyinki. Don Allah ki kira shi a wayata yau, kar ki bari sai gobe, kuma kar ki ce ni na faɗa. In Laraba ta yi ban ji ki ba, zan zaunar da Umma in karanta mata tun daga feji na farko, ko me zai faru ya faru. Gara ta yi kukan yana gabanta.

Ki gaida maigidan, da 'yan biyu, da takwarar Umma, ki ce ina kallon hotonta kullum. Umma na gaishe ku, Gwaggo ma haka. Dogo bai san na rubuto ba, shi ya sa ba gaisuwarsa.

Taki,
Auta